A Nuna Mana Takarda Kafin A Hura Wuta

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, kowa ya san baƙin man injin da ake tuttularwa bayan gareji, ko a Jega ko a Maiyama. Wani lokaci a haɗa shi da tsumma da tsohuwar taya a cinna wuta. Damina na sauka, ruwa ya kwashi sauran ya kai Gulbin Zamfara da fadamunmu. Gonar albasa kuwa, ko ta Aliero ce, in ta sha baƙin mai ta daina abin kirki.

Akwai hanyar gyara irin wannan datti, har da na manyan masana'antu. Ana zuba ƙasar da ta sha mai cikin wata babbar ganga mai juyawa, a gasa ta har man ya fita kamar tururi. Sa'an nan a tare tururin, ko a mai da shi mai, ko a ƙone shi a ɗaki na biyu da zafin digiri 850 ko fiye. In an yi daidai, ƙasa ta tsabtata. In aka rage wuta don tsimin kuɗi, gubar ta koma hayaƙi, mu da 'ya'yanmu mu shaƙa.

To, wa zai tsare mu? Doka ce. A 1988 aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, ba Koko tamu ta Kebbi ba. Bayan wannan abin kunya, a 1992 aka kafa doka mai lamba 86, wadda ta ce kafin a fara babban aiki irin wannan sai an binciki illarsa, a baje rahoton jama'a su gani. Mu dubi ƙasar Ogoni, inda mai ya ɓata ƙasa da ruwa: a 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Saboda haka duk ranar da wani kamfani ya zo neman fili don gasa dattin mai, mu buɗe ido. A juya rahoton da Hausa, a karanta mana ranar kasuwa. A auna ruwan rijiyoyinmu kafin aiki da bayansa. Sa hannun manya a ofis bai isa ba, domin talaka ne zai kwana cikin hayaƙin. Rigakafi ya fi magani.