Kafin a kwashi ɗalibai zuwa bakin kogi

Jama'a, duk shekara da an gama jarrabawa ƙungiyoyin ɗalibai kan shirya fita shan iska, kuma yanzu abin yayi shi ne bakin ruwa. Ga bidiyon nan da ake ta turawa a guruf na Turawa kwance rub da ciki kan wani allon roba, ruwa na fizgarsu tsakanin duwatsu. Har na ji wasu 'yan yankinmu, daga Udubo zuwa Azare, na cewa su ma sai sun gwada da tayar mota a Kogin Jama'are.

Ni ban ce a hana ba. Amma a sake kallon bidiyon da kyau. Wasan ya fito daga Faransa ne, yanzu ana yin sa sosai a New Zealand, a Kogin Kaituna da na Kawarau. Kowa da hular kwano, da rigar da ke hana nutsewa, da takalmin iyo, ga jagora a gaba wanda ya san kowane dutse da kowane juyin ruwa. Duk da haka a 2008 wata 'yar Ingila ta rasu a Kawarau. A 2011 ƙasar ta kafa doka: ba mai kai mutane irin wannan wasa sai ya yi rajista an binciki tsarin tsaronsa. Mu fa ihun muke son kwaikwayo, mun tsallake jagoran.

Abin takaicin shi ne muna da namu. Masuntanmu sun daɗe suna kwanciya kan gora su ratsa kogi. A Argungu, bikin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, dubban mutane ke faɗawa Matan Fada da gora da homa, ga kabanci, ga tseren kwale-kwale. Amma ba mai tsoma ƙafa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wato tun kaka da kakanni an san ruwa yana da masu shi.

Kogin Jama'are ba shi da duwatsun New Zealand, amma a Agusta da Satumba wallahi ba abin wasa ba ne. Samansa lumus, ƙasansa gudu. Yashin da ka tsaya a kai bara ya koma rami bana. Ruwan ja ne, in mutum ya nutse ba a ganin inda ya yi. Mafi yawanmu kuma ba mu iya iyo ba, kunya ce kawai ke hana faɗa, musamman in ga 'yan mata a wurin.

Don haka shugabannin ƙungiyoyi, ga shawara. A sa fitar bayan ruwa ya ja baya. A je wa Sarkin Ruwan garin tukuna, a ɗauki masunta biyu ko uku a biya su, su nuna inda za a shiga. Kuɗin da ake kashewa kan buga riga da hayar sifika a sayi rigunan ruwa da shi. A ƙirga mutane kafin shiga, a ƙirga bayan fita. Hukumar makaranta kuma kar ta sa hannu sai ta ga waɗannan a rubuce.

Iyayenmu karatu suka turo mu, kar a kai musu gawa saboda hoto. Allah ya tsare mu baki ɗaya.