Rubutunki Ya Yi Kyau Ƙanwata, Amma Kin Iya Karanta Shi?

 A wannan fitowar na ɗan ture zancen samari da na kwalliya gefe guda, kada ku ji haushina, domin kuwa akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da karatun 'yanmata yake ciki a ƙaramar sakandare ta gwamnati, tun daga aji ɗaya har zuwa aji uku. Zan yi maganar ne a kan yankinmu na Nasarawar Burkullu da ke ƙaramar hukumar Bukkuyum, da maƙwabtanmu na Anka da Gummi, amma na san 'yar Kano da 'yar Katsina ma za su ga kansu a ciki.

A takarda dai komai daidai yake. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, sannan dokar da aka yi a 2004 ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, mace ko namiji. Dokar har hukunci ta tanada wa uban da ya ƙi sa ɗiyarsa, da kuma wanda ya karɓi kuɗin makaranta a hannun ɗalibi. Tsarin ilimi na ƙasa kuma ya ce bai kamata malami ɗaya ya riƙe fiye da ɗalibai 35 zuwa 40 ba. To ke da kike zaune ku huɗu ko biyar a benci ɗaya, wasu kuma a ƙasa bisa buhu, ke kika san ko ku nawa ne a ajinku.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwanakin baya na tara 'yanmatan gidanmu da ƙawayensu, waɗanda ke zuwa makarantun je-ka-ka-dawo daban-daban, na ce kowace ta ɗauko mini littafinta na rubutu. Wallahi abin sha'awa, rubutu tsaf-tsaf kamar na inji, an ja layi da jan biro, an rubuta kwanan wata a sama, har da ɗan zanen fure a gefen shafi. Sai na buɗe littafin kimiyya na wata 'yar aji biyu, na ce karanta mini wannan sakin layi da kika rubuta da hannunki. Allah Sarki, yarinya ta yi ta haɗa baƙi da wasali tana zufa, da ƙyar ta kai ƙarshen layi na biyu, da na ce to me yake nufi da Hausa, sai ta rufe fuska da hijabi tana dariya. Su bakwai ne, biyu kawai suka karanta suka kuma faɗa mini ma'ana. Kuma kada ku ce daƙiƙai ne, domin wadda ta rufe fuskar nan ita ke riƙe wa uwarta lissafin cinikin ƙuli-ƙuli da mai, ba ta taɓa ɓatar da ko naira biyar ba, kuma ta yi nisa a haddarta ta Islamiyya.

Yadda abin ke faruwa kowa ya sani. Littattafan karatu ba su isa ba, wani lokaci kwafi ɗaya ne tak a hannun malami, don haka darasi ya koma kwafar abin da ke kan allo. Malami ya cika allo da Turanci, ko ya miƙa wa monita ta rubuta shi ya wuce wani ajin, domin shi kaɗai ke koyar da darasi biyu ko uku. Ku kuma ku duƙufa kuna kwafa har a kaɗa ƙararrawar tara. In jarrabawa ta zo a haddace, a zuba, a manta, in ma an faɗi ba a maimaita aji, gaba ake yi. A haka yarinya za ta shekara uku tana zana haruffa kamar mai zanen lalle, alhali kuwa ba ta san abin da suke cewa ba. Ni ban ga laifin malaman gaba ɗaya ba, akwai masu ƙoƙari matuƙa, wasu daga wani gari suke tahowa kullum a kan hanyar da kowa ke tsoron bi, albashin kuma kun san yadda yake. Amma wanda zai zauna gindin bishiya yana hira alhali lokacin darasinsa ne, wannan kam ba ni da uzurin da zan ba shi.

Akwai kuma wani dalilin da ba a cika faɗa muku ba, har kuke ɗauka ku ne ba ku da ƙwaƙwalwa. A 2020 cutar korona ta sa an rufe makarantu wajen wata shida. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga abin da ya faru a Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, 2021, inda aka kwashe 'yanmata 279 daga makarantar kwana, aka rufe makarantun kwana na jiha. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka sake ɗibar ɗalibai sama da 70 a makarantar je-ka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun, gwamnati ta rufe makarantun Zamfara baki ɗaya, sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu. To yarinyar da take aji ɗaya ko biyu na firamare a 2020, daidai lokacin da ake koyon haɗa baƙi, ita ce ta shigo ƙaramar sakandare a 2024 ko 2025. Ga kuma waɗanda suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, suka yi shekara ɗaya ko biyu ba su ga allo ba, aka zo aka sa su aji gwargwadon tsawonsu. Bankin Duniya ma ya ce a 2022 kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Saboda haka ba ke kaɗai ba ce, sai dai ke abin ya fi yi wa illa.

Na ce ya fi yi miki illa ne saboda abin da ke jiran ki a ƙarshen aji uku. Namiji in ya gama bai iya komai ba, tura shi gaba za a yi, ko ya kama kasuwa. Ke kuwa kin kai 14 ko 15, an fara sallama da ke a ƙofar gida, kayan ɗaki na jiran kuɗin talla, Inna kuma ta gaji da yin aikin safe ita kaɗai. Ranar da za a yanke shawara Baba ba zai duba jan layin da kika ja ba. Takardar asibiti zai miƙo miki, ko saƙon da ya shigo wayarsa, ya ce duba mini. In kika yi shiru, sai ki ji ya ce, shekara tara kina zuwa makarantag ga, mi anka koya miki? Kuma tsakani da Allah tambayarsa tana kan hanya. Iyaye da yawa da ake cewa sun ƙi boko, sun gwada ne ba su ga riba ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? tun 1990 a kan wannan ciwo, ga shi har yau bai warke ba.

Wani abin da ke cinye karatun 'yanmata a ɓoye shi ne rashin ban ɗaki mai ƙofa da ruwa. Yarinya ta fara ganin al'ada, ba kuɗin audugar mata, tana tsoron ƙunzugu ya ba ta kunya a farin yunifom, sai ta zauna gida kwana huɗu ko biyar duk wata. Ku lissafa a zango uku ku ga darasi nawa ke nan. An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara a Nuwamban 2023, a shekarar kuma jihar ta shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aikinsa ya haɗa da gyaran azuzuwa da ban ɗaki da tallafin kuɗi don 'yanmata su zauna a makaranta. Ku sa iyayenku mata su riƙa tambaya a taron iyaye da malamai, ina rabon makarantarmu?

To amma kafin gyara ya iso ƙofar ajinki, ƙanwata, shekarunki ba za su tsaya jira ba. Yau da dare ki buɗe littafinki, ki karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ki rufe, ki faɗa wa ƙanwarki abin da ya ƙunsa da Hausa. In kin kasa, kin gano inda ciwon yake, kuma yana da magani. Ki fara da Hausa, kada ki raina ta, domin wadda ta iya karanta harshenta tiryan-tiryan ba ta shan wuyar haruffan Turanci sosai, ma'anar kalmomi kawai za ta nema. Littattafan soyayyar nan da ake hantarar ku a kansu, waɗanda kuke ɓoyewa a cikin littafin lissafi (na sani sarai), sun koya wa mata da yawa karatu fiye da yadda ake zato. Amma kada kullum ki zama mai saurare wata na karanta muku, ki karɓa ke ma ki yi shafi biyu, ko za a yi miki dariya. Ku haɗu ku uku ko huɗu bayan la'asar, wadda ta fi iyawa ta ja sauran, kamar yadda jajin Nana Asma'u suka riƙa ɗauko karatu suna kai wa matan ƙauyuka. Ki ware shafukan ƙarshe na littafinki, kullum kalmar Turanci biyar da ma'anarsu. A aji kuma ki ɗaga hannu ki ce, Malam ban gane ba, a maimaita da Hausa. Na san akwai nauyin baki, musamman in aji na haɗe da maza, to ki sami malama bayan an tashi, ko ki rubuta tambayar a takarda ki miƙa.

Sannan duk abin da kika iya, ki nuna shi a gida tun kafin a tambaye ki. Karanta wa Inna yadda ake shan maganin ƙaninki, duba wa Baba rasit ɗin taki, rubuta wa Goggo sunayen 'yan adashi. Ranar shawara waɗannan za su tsaya miki, kuma su za su kai ki babbar sakandare, daga nan zuwa Kwalejin Ilimi ta Maru, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau wadda ta mata ce zalla, ko makarantar koyon jinya da ungozoma. Duk matar da ta taɓa zuwa awo a ƙauyukan Bukkuyum ta tarar ba ma'aikaciya mace ta san ana neman irinku ruwa a jallo.

Ina son kowace 'yar ƙaramar sakandare ta rubuto mini da hannunta, ba yayarta ce za ta rubuta mata ba. Ki faɗa mini ku nawa ne a ajinku, darasi nawa malami ya shigo a makon da ya wuce, akwai ban ɗakin mata ko babu, da kuma yadda kuka kwashe da gwajin shafi ɗayan nan. Ba zan buga sunanki ko na makarantarku ba, kuskuren rubutu kuma kada ya hana ki, zan gane. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.