Mai Allurar Insulin da Ranar Rashin Lafiya

A watan Mayun 2022, ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, sun amince da wani buri: kafin shekarar 2030, duk mai ciwon sukari nau'i na ɗaya ya sami insulin a farashin da zai iya biya, tare da abin awon sukarin jininsa. A lokacin an cika shekara ɗari da fara yi wa ɗan Adam wannan allura a birnin Toronto na Kanada. Haɗa maganin da abin awo da aka yi ba a banza ba ne. A garuruwanmu, daga Tawa zuwa Damagaram, ƙarfin iyali yakan ƙare wajen neman kuɗin kwalbar insulin, ba a cika zancen ranar da mai ciwon zai kwanta da zazzaɓi ba, alhali kuwa a ranar ce rai ke shiga haɗari.

Idan masassara ko amai da zawo suka kama mutum ya kasa cin tuwo, sai ƴan uwa su ce a dakatar da allura tun da ba ya cin komai. Shawarar ta yi kama da hankali, amma kuskure ce babba. Jikin da ke fama da cuta yana ƙara zuba sukari cikin jini ko da ciki babu abinci. In aka hana shi insulin, sai ya koma ƙona kitse, wata guba ta taru, jini ya yi tsami. Alamunta su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri. Cikin kwana ɗaya ko biyu mutum na iya suma. Saboda haka ba a yanke insulin gaba ɗaya. Ragewa ko ƙarawa aikin likita ne, kuma ya kyautu a tambaye shi tun ana lafiya, a rubuta amsar a ajiye. Aikin gida shi ne a auna sukari bayan kowace awa uku ko huɗu, a riƙa ba marar lafiya ruwa kaɗan-kaɗan, da kunu ko koko in tuwo ya ƙi shiga. In awo ya wuce 2,50 ya ƙi sauka, ko amai ya hana ruwa zama a ciki, a kai shi asibiti ko cibiyar CSI mafi kusa ba tare da jiran gari ya waye ba.

Haɗari na biyu kishiyar na farko ne, kuma ya fi shi gaggawa: sukari ya faɗi ƙasa da 0,70. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana saukar da sukari, maganin kinin kuma yana ƙara saukar da shi. Wajibi ne a shaida wa ma'aikacin lafiya cewa wannan mutum yana allurar insulin kafin a ɗaura masa ruwa. Wanda sukarinsa ya faɗi zai yi gumi, jiki ya yi ta rawa, yunwa ta kama shi, magana ta sarƙe, wani ma ya yi ta faɗa ba dalili. A nan ne jama'a kan ce iska ce ta buge shi, a tsaya neman hayaƙi, minti yana wucewa. Maganin kuwa yana cikin gwangwanin mai shayi: ƙwayar sukari uku, kimanin giram 15, a jiƙa a ba shi. Bayan minti 15 a sake awo, in bai tashi ba a maimaita, sa'an nan ya ci abinci. Wanda ya riga ya suma ba a ɗura masa komai a baki, kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a gaggauta kai shi inda za a yi masa allurar sukari ta jijiya. Mai azumi da ya ga waɗannan alamu ya sha ruwa nan take. Marar lafiya yana da rangwame.

Batun ajiya ma ya taso da ƙarfi a 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa farkon 2024. Wani bincike da ƙungiyar MSF da Jami'ar Janeba suka fitar a 2021 ya nuna cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Bazararmu tana wuce haka, don haka in babu firji a sa kwalbar cikin abin da ruwa ba ya shiga, a ajiye ta jikin randa mai sanyi, cikin inuwa.

Duk wannan nasiha ta dogara ne ga iya karanta lamba, kuma a ganina nan ne giɓin yake. Takardar asibiti tana rubuta 0,70. Wata na'ura za ta nuna 70, wata kuma da aka sayo daga ƙetare ta nuna 3,9, duka ma'anarsu ɗaya. Sau da yawa matar gida ce ke jinya, ita ce kuma ba ta sami shiga makaranta ba. Azuzuwan yaƙi da jahilci suna koyar da lissafin kasuwa da awon buhu. Darasi biyu sun isa a koya wa mata da maza karanta fuskar na'urar gidansu da gane lambar da ke nufin a kawo sukari. A darasin ne kuma kowane mai allura zai rubuta ƴar takarda da Hausa da Faransanci, mai ɗauke da sunan insulin ɗinsa da yawan da yake yi, ya sa ta a aljihu tare da ƙwayar sukari uku.