Suna Linzami Ne, Har a Cikin Ƙwayar Linux

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zauren malami ya karanci sarfu ya san cewa babbar ni'imar wannan fanni ita ce wazni, domin ɗalibin da ya riƙe ma'aunin fa'ili da na maf'uli, ko da an jefo masa kalmar da bai taɓa ji ba, zai gane wane ne ya aikata kuma a kan wa aikin ya faɗa, ba tare da ya buɗe ƙamus ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, masu rubuta manhajar kwamfuta suna buƙatar irin wannan wazni fiye da yadda nahawawa suke buƙatarsa, saboda lahanin nahawu kunne kaɗai yake ɓata wa, amma lahanin masu manhaja ƙofa yake buɗe wa ɓarawo.

Wayar Android da ke aljihun mai karatu tana tafiya ne a kan Linux, wato ƙwayar nan da ake kira kanel, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan a 1991. A cikinta ayyuka da yawa suna gudana lokaci guda, kuma sau tari biyu daga cikinsu sukan miƙa hannu ga lamba ɗaya a daƙiƙa ɗaya, kowanne yana nufin ya ƙara mata ɗaya. In ba a yi hattara ba sai duka biyun su karanta biyar, duka biyun su rubuta shida, alhali bakwai ya kamata a samu. Maganin wannan shi ne aikin da ba ya rabuwa, wanda karantawa da ƙarawa da rubutawa suke aukuwa a cikinsa tamkar abu guda, kuma malaman tauhidi da suka yi bahasi a kan jauharul fardi, wato ƙwayar da ba ta rabuwa, ba za su ga baƙon abu a nan ba. Irin lambar ana kiranta atomic_t, ayyukanta kuwa su ne su atomic_inc da atomic_add da danginsu.

Daga cikin hidimomin wannan lamba akwai ƙidayar masu riƙe da abu: duk wanda ya kama wani yanki na ma'adanar kwamfuta sai a ƙara ɗaya, in ya saki a rage ɗaya, idan ƙidaya ta kai sifiri sai a kwashe yankin a ba wani. To amma lambar tana da iyaka, kamar mitar tsohuwar mota da ke komawa sifiri in ta cika, domin bayan ƙari 4,294,967,296 takan zagayo inda ta faro. A watan Janairun 2016 aka bayyana wani aibi mai lamba CVE-2016-0728 a sashen ajiye makullai na Linux, inda mai mugun nufi zai yi ta ƙara ƙidayar har ta zagayo, sai kanel ta ɗauka babu mai riƙe da yankin ta sake shi, shi kuwa ya zuba nasa abin a gurbin ya zama mai iko da na'urar baki ɗaya.

Mutanen PaX da grsecurity, masu ƙara wa Linux tsaro, sun daɗe da magani: suka sa wa kowace atomic_t mai gadi da ke hana ambaliya, waɗanda kuma zagayowarsu ba ta da illa, kamar ƙidayar saƙonnin da suka wuce ta intanet, suka ware su da sunan atomic_unchecked_t. Da Kees Cook ya kafa shirin kare kanel a 2015, sai Elena Reshetova da abokan aikinta suka ɗauko wannan dabara a 2016 domin shigar da ita cikin Linux na kowa da kowa, suka canja laƙabin zuwa atomic_wrap_t. Nan ne mas'alar suna ta taso, kuma ba ƙaramar mas'ala ba ce kamar yadda mai kallo daga nesa zai zata. A sunan lambar, kalmar wrap tana biye da atomic kai tsaye, amma a sunan aikin sai ta koma wutsiya, a ce atomic_inc_wrap. Ga kuma wasu wutsiyoyin da suka riga ta zama, irin su relaxed da acquire da release, waɗanda ke fayyace tsarin jerantuwar ayyuka. Ga wasu ire-iren lambar, atomic64 da atomic_long da local, kowanne da zuriyarsa. Ga kuma nau'o'in na'ura fiye da ashirin da kowanne sai an rubuta masa nasa. Idan wannan ya sa laƙabin a gaba wancan ya sa shi a baya, to mai bitar aiki, wanda ke duba dubban layuka da gajiyayyen ido, ba zai iya dogara da siffar kalma ba, kuma wanda ke neman duk wuraren da aka cire gadi ba zai same su da bincike ɗaya ba.

A nawa ra'ayin, Peter Zijlstra, ɗaya daga cikin masu kula da kanel, shi ne ya ga asalin cutar, lokacin da ya ƙi wannan hanya ya kawo refcount_t, wadda ta shiga Linux 4.11 a 2017. Maimakon a bi dukkan lambobi ana liƙa wa marasa haɗari alamar togiya, sai aka ba mai haɗarin sunanta na kanta wanda ke furta niyyarta: wannan ƙidayar masu riƙewa ce, ba ta zagayowa, in ta cika sai ta tsaya cak ta yi gargaɗi, kuma ba ta yarda a tayar da ita daga sifiri. An zaɓi a yi hasarar ɗan yankin ma'adana har abada a kan a miƙa shi ga maƙiyi, wanda kuwa ƙa'ida ce da fuƙaha'u suka sani ta ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu.

Masu suka suna da tasu hujjar, kuma ba zan raina ta ba: hanyar PaX tana kare har lambar da aka manta da ita, ta Zijlstra kuwa sai wadda aka bi aka sauya da hannu, aikin da ya ci shekaru. Na yarda, sai dai kariyar da ta rataya a kan sunaye masu rikitarwa ita ma mantuwa tana cin ta, ta ɗaya ɓangaren.

Ban ce an gama gyara ba. Har yau atomic_add_return tana dawo da sabuwar lamba, atomic_fetch_add tana dawo da tsohuwa, kuma atomic_set tana karɓar wurin ajiya kafin adadi yayin da atomic_add take karɓar adadi kafin wurin ajiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne refcount_set da refcount_add, duk da ƙuruciyarsu, sun gaji wannan saɓanin jeri daga iyayensu yadda yake, babu wanda ya taɓa shi.