Filogi takwas a hanyar Mahuta: alfahari ne, ba buƙata ba

Duk lokacin da manyan 'ya'yan ƙasar Zuru suka dawo gida daga Abuja ko Birnin Kebbi, ko don Sallah, ko Kirsimeti, ko bikin Uhola, tambaya ɗaya ce ke bin jif ɗin da ta faka a ƙofar gida: filogi nawa ce? In an ce takwas, sai a gyaɗa kai. In an ce shida ko huɗu, sai a yi shiru irin na tausayi, kamar mai motar ya gaza. Wannan ma'auni ya tsufa, kuma yana cin dukiyar mutanen da ya kamata a ce sun fi kowa iya lissafi. Ga mai zirga-zirga tsakanin Koko, Mahuta da Dabai, ƙaramin inji ne zaɓin hankali.

A fara da ƙarfi, tunda shi ne hujjar masu son babba. A shekarar 2021 kamfanin Toyota ya fito da Land Cruiser 300 ba tare da inji mai filogi takwas ba. Haka 'yar'uwarta Lexus LX 600, wadda ta gaji LX 570. Tsohuwar tana da inji mai lita 5.7, filogi takwas, da ƙarfin doki 383. Sabuwar tana da filogi shida, lita 3.5 ko ƙasa kaɗan, amma ƙarfinta doki 409 ne, kuma ta ɗara tsohuwar ƙarfin ja da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sirrin yana ga tabo guda biyu, wato na'urar da ke amfani da hayaƙin da inji ya fitar ta juya fanka, ta cusa ƙarin iska cikin silinda, ƙaramin ciki ya yi aikin babba. Girman inji ya daina nuna ƙarfi. Wanda ya ƙera motar ya bar wannan aƙida, amma mai sayenta a Nijeriya yana nan riƙe da ita.

Ko da a ce babban ya fi ƙarfi, a ina za a yi amfani da ƙarfin? Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta kayyade wa motar gida kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi. Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai, gari ne da ake ratsawa cikin babura, shanu da motocin hatsi. Da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauyuka da damina, abin da ke fitar da mota daga taɓo shi ne tsayinta daga ƙasa, ingancin taya da giyar da ke juya ƙafafu huɗu. Duk waɗannan iri ɗaya ne a jikin motar, ko wane inji aka ɗora mata.

Sai maganar mai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, LX 570 na shan kusan lita 17 a kowane kilomita 100, LX 600 kuma lita 12 da ɗoriya. Wanda ke yin kilomita 20,000 a shekara zai ga bambancin kusan lita 900, wato kimanin naira dubu 900 in an ƙaddara lita a naira 1,000. Mai kuɗi zai ce wannan ba ya tayar masa da hankali. To, ya tuna cewa shan mai shi ne ke yanke nisan da tanki ɗaya zai kai shi. A ranar da gidajen mai suka rufe, motar da ta fi ƙishirwa ita ce ke fara tsayawa gaban 'yan bumburutu, ta sha abin da ba wanda ya san asalinsa.

Akwai masu kafa hujja da tsaro. Masarautar Zuru ta sha fama da 'yan bindiga, kuma tsoron matafiyi gaskiya ne. Sai dai mai tare hanya yakan zaɓi inda kowace mota dole ta rage gudu, wato rami, kwana ko gada. A nan ƙarin lita biyu a cikin inji ba ya hana komai, ƙyallin motar ma talla yake yi wa mai ita. Uzuri ɗaya ne ke tsayawa: mota mai sulke, wadda nauyin ƙarfe da gilashinta ke buƙatar ƙarin ƙarfi. Masu irinta kuwa ba su da yawa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta ƙarko. Tsohon injin mai filogi takwas ba shi da tabo, yana jure sakaci, kuma kanikawa sun san cikinsa. Sabon yana son baƙin mai nagari a kan lokaci, da bakaniken da ya iya karanta kwamfutar mota. A 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci kusan dubu 102 a Amurka, Tundra da LX 600, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin injin tun daga masana'anta. Wannan gargaɗi ne na gaske. Amma abin da yake koyarwa shi ne a guji inji mai sarƙaƙiya inda garejin da zai iya gyaransa ke da nisan yini guda. Akwai mafita a tsakiya: injin lita 4.0 mai filogi shida marar tabo, wanda ya daɗe a cikin Prado, kuma ana samun Land Cruiser 300 da shi a kasuwannin Gabas ta Tsakiya. Ba sabo ba ne a hannun kanikawa, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu a Kano ko Kaduna.

Abin ya fi muni idan da kuɗin jama'a ake sayayyar. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan jif-jif ɗin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya, kuma uzurin da aka bayar shi ne lalacewar hanyoyin mazaɓu. Ma'aikacin da ke rubuta takardar sayen mota a ma'aikata ko ƙaramar hukuma ya sani cewa duk litar da ya ƙara wa inji, baitulmali ne zai riƙa biyanta a gidan mai shekara da shekaru, a jihar da manomi ke ɗora buhun dawa a babur saboda mota ba ta isa gonarsa.

Mai kuɗinsa yana da 'yancin sayen abin da ransa ke so. In ƙarar injin ce ke burge shi, ya faɗa a fili, ba laifi ba ne. Abin da bai dace ba shi ne a lulluɓe sha'awa da sunan buƙata. Kafin ya biya, ya tambayi dillali lita nawa motar ke sha, ya kuma tambayi kansa wane bakanike ne tsakanin Koko da Zuru zai buɗe injin nan ba tare da fargaba ba.