ZAUREN MAIGIDA: Askar Farko Ta Ango

 Wasiƙar wannan wata ta fito ne daga Safana, ƙasar Yariman Katsina. Wata amarya ce ke son ta sai wa angonta aska don ya riƙa gyaran fuska a gida, ta ce wanzamin da ke zagayo unguwarsu ya ɗauke ƙafa. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya san abin da ƙauyukan bakin dajin Rugu suka gani a hannun 'yan bindiga, tun ba daga 2019 ba, daga Runka har Batsari, ya san masu yawon sana'a da dama sun taƙaita tafiya.

To ƙanwata, Allah Ya yi miki albarka, kin yi tunani. Ko da wanzami na nan, ni ra'ayina kowane magidanci ya mallaki askarsa. Ba raina wanzamai nake ba, wa ya isa? Su ne da askin suna, su ne da kaciya da ƙaho, har sarautar Sarkin Aska gare su. Amma aska ɗaya kan goma ba ta zamanin nan ba ce. Tun 1986 aka tabbatar da ɓullar ƙanjamau a Nijeriya, kuma likitoci sun ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Goge aska a tafin hannu ba ya kashe ta.

Sai dai fa kada kyalkyali ya ruɗe ki. Akwai askar Turawa mai naɗewa cikin mariƙinta, irin wadda garin Solingen na Jamus da Sheffield na Ingila suka yi suna da ita. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ga tsada, ga shi galibin masu arha da za ki gani a tebur kwaikwayo ne, ƙarfensu ba ya riƙe kaifi. Akwai kuma tamu ta maƙera. In aka dace da maƙerin kirki, ɗa ma sai ya gada. Matsalarta ɗaya: tana son wasawa a dutse da gogawa a fata, kuma wannan ilimi ne mai zaman kansa. Angon da bai taɓa riƙe dutsen wasa ba, cikin mako guda zai mai da ita wuƙar yankan albasa, ya zo yana kankare fuska yana hawaye, ke kuma kina tsaye da butar ruwa kina ba shi haƙuri!

Don haka ni dai shawarata, ki fara masa da irin wadda ake ɓalla reza biyu a saƙala rabi a bakinta. Riƙonta irin na aska ne, ba ruwansa da wasawa, in ta dakushe ya jefa rabin a masai ya sa sabo. In hannunsa ya faɗa bayan wata shida ko shekara, sai ya je Dutsin-ma ko Katsina da wanzamin da ya amince da shi, a zaɓo masa ta ƙarfe. A duba bakin a hasken rana, kada a ga giɓi ko tsatsa, a gwada a gashin hannu. Kuma a ɗauki mai zagayayyen tsini, don mai ƙusurwa ita ke tsaga gefen kunne.

Ranar farko ki ɗuma masa ruwa, ya jiƙa fuska sosai ya sa sabulu. Ya ja fata da ɗaya hannun, ya kwantar da askar, kada ya tsayar da ita kamar mai sara. Ya bi yadda gashi ya kwanta, domin gashinmu murɗaɗɗe ne, in aka yi masa gaba-da-gaba sai ya koma cikin fata ya zama ƙuraje. Ya tsaya a saje da kumatu tukuna, ƙeya kuwa ya bar wa wanzami. In ya ɗan yanke, alif ɗin nan da muke sa wa ruwa ya kwanta, a jiƙa a ɗora, jinin zai tsaya.

In an gama a wanke, a tsane ta, ta ƙarfe a shafa mata ɗan mai saboda damina. Sannan don Allah a adana ta can saman kwaba ko cikin akwati mai makulli, ba a ƙarƙashin filo ba, don yaran maƙwabta ba sa sallama kafin su faɗo ɗakin amarya.

Sai wata na gaba in Allah Ya kai mu.