Zango ya zama gari, sai mu san ruwansa

A Hausar fatake, zango wuri ne da ayari ke sauke kaya, a shayar da dabbobi, a kwana ɗaya ko biyu, da asuba a ɗaure a kama hanya. Ba wanda ke haƙa lambatu a zango, domin kafin ruwa ya taru shi ya yi gaba. Magabatanmu da fatauci ya kawo har bakin teku su suka bar wa unguwarmu wannan suna, amma tafiyar da sunan ke nufi ba a yi ta ba. An haifi 'ya'ya, an haifi jikoki, an gina masallatai da makarantun allo daga Zango har Gbegame. Abin da nake gani shi ne har yau muna yi wa ruwan Kwatano kallon matafiyi, mu daure masa wata biyu, idan ya janye mu manta, alhali muna nan za mu sake haɗuwa da shi baɗi.

A Kano ko Maraɗi damina ɗaya ce, kuma ruwa daga sama yake zuwa. Manomi ya ga hadari ya taso daga gabas, ya san abin da zai biyo baya. Wannan sanin da muka gada bai ishe mu a nan ba, domin an gina Kwatano ne a kan siririn tudun rairayi, tekun Atlantika a kudu, tafkin Nokuwe a arewa, kuma yawancin birnin da kaɗan ya ɗara teku tsawo. Ta ƙofa huɗu ruwa ke shigo mana.

Ƙofar farko sama ce. Damina biyu ake yi a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba, jimillar ruwan kuma takan kai kimanin milimita 1,300. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangaren da zai tura shi, sai ya kwanta inda ya sauka. Ta biyu tafki ne. Kogin Weme ya taso daga arewacin ƙasar nan, ya yi tafiyar kusan kilomita 500 yana kwashe ruwan daminar can, ya juye shi a Nokuwe wajen Satumba da Oktoba. Shi ya sa mutanen Vosa da Laji da Ahuwansori kan ga ruwa na hawa ɗakunansu rana tana tsaka, ba ko ɗigon yayyafi. Ta uku ƙasa ce kanta. Ruwan ƙarƙashinta a kusa yake ƙwarai, idan ta ƙoshi sai ya ɓullo ta daɓen ɗaki, ya haɗa masai da rijiya, daga nan kwalara da zazzaɓin cizon sauro su samu hanya. Ta huɗu teku ce. Mashigin da Faransawa suka haƙa a ƙarni na 19, wanda ya raba birnin biyu ya wuce ta gefen kasuwar Dantokpa, shi ne babbar mafitar ruwan tafki, kuma idan teku ta cika fitar tasa takan yi nauyi. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1965 ta tare yashin da igiya ke turowa daga yamma, teku ta yi ta cin gaɓar Akpakpa har da gidajen da ke kanta.

Wanda ya kai shekara ashirin da biyar a garin nan yana tune da 2010. A shekarar ambaliya ta shafi mutum kimanin 680,000 a ƙananan hukumomi 55 daga cikin 77 na Jamhuriyar Benin, fiye da mutum 40 suka rasu, kwalara kuma ta biyo baya. An ce tun 1963 ba a ga irinta ba. Ruwan da ya taɓa kai wani matsayi sau ɗaya zai iya komawa can, to amma a cikinmu wa ya san iyakar inda ya kai a layinsa a wancan lokaci? Dattawan da suka sani suna ta raguwa, masu hayar da suka gani sun tashi, sababbi sun shigo ba su da labari.

Adalci ne a faɗi cewa hukuma ba ta zauna ba. Shirin magudanan ruwan sama na Kwatano, wanda ake kira PAPC, ya ɗauki 34 daga cikin kwaruruka 50 da ruwan birnin ke taruwa a ciki, da kuɗin Bankin Duniya da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da wasu bankuna. An shimfiɗa tituna, an kafa kamfanin kwashe shara na SGDS, kuma tun Disambar 2017 doka ta haramta ledar da ba ta ruɓewa. Unguwanni da dama sun ga sauƙi. Sai dai babbar magudana ruwan da ya iso gare ta kawai take ɗauka. Tsakanin ƙofar gidanka da bakin titi akwai 'yar kwatar da ledar ruwa da yashi da ragowar tuwo suka toshe, kuma injiniya ba zai zo ya duba ta ba. Akwai kuma gidajen da sabon titi ya fi su tudu, ruwan da dā ke kwanciya a hanya yanzu tsakar gida yake nema.

Na san amsoshin da za a ba ni. Wani zai ce ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, amma Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a kan busasshiyar ƙasa ya sassaƙa jirgi, Annabi Yusuf kuma a shekarun yalwa ya tara hatsi. Wani zai ce mu 'yan haya ne, gida ba namu ba. Gaskiya ne ɗan haya ba ya ɗaga daɓe sai da yardar mai gida, amma katifar da ke jiƙewa da buhun shinkafar da ke lalacewa da yaron da ke kwana yana amai duk na ɗan haya ne. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Wani kuma zai ce Zango da Gbegame ba su kai unguwannin bakin tafki shan wuya ba. Ko da haka ne, tsadar haya ta tura 'yan'uwanmu da yawa zuwa waɗancan wurare, kuma idan ruwa ya kore su ƙofarmu za su ƙwanƙwasa.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, mu auna. Kowane masallaci ya ja layi da fenti a bangon waje daidai inda ruwa ya kai, a rubuta shekara a gefe, a tambayi dattawa inda na 2010 ya tsaya a ja nasa. Cikin damina uku bangon zai nuna mana layin da ke fara cika da wanda ke daɗewa bai tsane ba. Wanda zai kama ɗaki ya duba wannan layi kafin ya biya kuɗin ajiya, kuma a watan Yuni ake duba gidan haya, domin a Janairu kowane gida busasshe ne.

Na biyu, mu ƙidaya mutane. Limami da Sarkin Zango da shugabannin mata su san gidajen da ke da tsoho marar tafiya, da mai ciki, da makarantar allon da almajirai ke kwana a ƙasa, a kuma tsayar da gidan bene ko masallacin da za a kai su tun ruwa bai zo ba. Na uku, mu fassara gargaɗi. Hukumar hasashen yanayi, Météo-Bénin, da Faransanci take sanarwa, tsohuwar da ke soya ƙosai kuma ba ta jin sa. Matashi ɗaya mai waya ya isa ya mai da shi Hausa da murya, ya aika ta WhatsApp, ladan ya maimaita bayan salla. Na huɗu, asusu. Mun iya adashi don biki da suna, sai mu ware ƙaramin kaso don hayar injin zuƙe ruwa, da sinadarin tsabtace rijiya, da gidan sauro. A kuma yashe kwatoci a watan Maris da na Agusta, kafin kowace damina.

Akwai wani abu da ya shafi haƙƙin maƙwabtaka. Mai hali kan sayo yashi mota biyu ya cike gidansa, ya ɗaga dokin ƙofa, ya kwana lafiya. Ruwan da ya kora bai koma sama ba, ɗakin maƙwabcin da ba shi da kuɗin yashi ya shiga. Ya kamata malamanmu su riƙa faɗin wannan a huɗuba kamar yadda suke faɗin tauye mudu, a kuma saba da cewa layi gaba ɗaya ake shawara kafin mutum ɗaya ya yi ciko.

Akwai abin koyi a wajen mutanen Ganviye, waɗanda suka kafa gidajensu a kan turaku a tsakiyar Nokuwe tun ƙarnuka da suka wuce. Sun san watan da tafki ke hawa da iyakar hawansa, a kan haka suke yanke tsawon turke. Akwai kuma izina a Maiduguri, inda madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, mutane da yawa suna barci ruwa ya same su.

Idan muka tara wannan sani a rubuce, mu ɗauke shi zuwa wajen mai unguwa, wanda a nan ake ce wa delege, daga nan zuwa ofishin magajin gari. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma wanda ya zo da takarda mai nuna layi kaza, zurfi kaza, gida kaza, ba a sallamarsa kamar wanda ya zo da kuka kawai. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, hantsi na yi ya tafi. Mu kuwa a nan muke biyan haraji, a nan muke binne iyayenmu, don haka kujerar da ake shawarar magudanar unguwa muna da haƙƙi a kanta. Allah ya sa ruwan bana ya zame mana albarka, ya kiyaye mu da maƙwabtanmu baki ɗaya.